Oga Dol da Bencin Baya

Duk wanda ya ce ilimi ya ƙare a garin Jos, to bai taɓa bi ta unguwar Ali Kazaure da safiyar Litinin ba. Da ya bi, da ya ji muryar Mista D. B. Isa tana tsallake katangar makarantar Hasken Basira Intanashonal, tana zuba wa masu tuyar ƙosai Turancin da ba su roƙa ba. Shi ne mai makarantar, shi ne hedimasta, kuma a faɗarsa shi ne mutum na uku a duk faɗin Filato da ya karanta ƙamus daga bango zuwa bango. Sauran biyun Turawan haƙar kuza ne da suka daɗe da mutuwa, saboda haka ba mai ƙaryata shi.

Mahaifiyarsa dai Ɗanbala ta san shi, amma mutum mai irin wannan nauyin ilimi ba ya yawo da suna irin na masu faci, shi ya sa ya datse sunan gida biyu ya bar harafi ɗaiɗai. Makarantar kuwa ta zama Intanashonal ne tun shekarar da wani yaro ɗan Nijar ya yi mako biyu a cikinta kafin iyayensa su wuce Legas. Mista D. B. ba ya fita taron safe sai da baƙar rigar digiri mai faɗin kafaɗu. Digirin kansa yana hanya, an ce takardun ne suka maƙale a wani ofis, amma riga ta riga ta iso. A ƙugunsa akwai wayar salula cikin jakar fata, a shekarar dubu biyu da huɗu, lokacin da riƙe ta kaɗai ya isa a ba mutum kujera a wurin biki. Ba a taɓa jin ta yi ƙara ba.

Manyan masana kowa da fanninsa. Wani taurari, wani cututtuka. Shi Mista D. B. kalma ɗaya ya ɗauka ya ba ta rayuwarsa, kuma duk Litinin sai ya yi wa ɗalibai da malamai bitarta a tsaye cikin sanyin Jos.

"Bahaushe ya wahalar da kansa a banza," haka yake farawa, babban yatsa a saƙale cikin rigar digiri. "Wuƙa ta ƙi yanka, ya ce ta dakushe. Zane ya ji jiki, ya ce ya koɗe. Fitila ta rage haske, ya ce ta dushe. Kasuwa ta ƙi ci, ya ce ba ciniki. Yaro ya kasa karatu, ya ce daƙiƙi. Kalmomi barkatai kamar kayan gwanjo! Amma Bature, da yake mutum ne mai tsari, sai ya tattara su kaf ya zuba a kalma guda. *Dull*. Harafi huɗu kacal. Shi ciwon kuwa, wato halin da mai shi ke ciki, shi ne *dullness*. Ku maimaita!"

Sai yara ɗari da wani abu su amsa, "Dolnes!" har tantabarun maƙwabta su tashi. Daga nan zai buɗe ƙamus ya bi ma'anonin ɗaya bayan ɗaya, guda shida, da misalai. Ta shidan ita ce wadda ta shafi jawabi mai gundurar jama'a, amma kafin ya iso wurinta yawanci ba sauran wanda ke farke da zai ji. Yaran unguwa ba su ɓata lokaci ba suka raɗa masa Oga Dol, sunan ya bi gari har masu acaɓa suka san ƙofar makarantar da shi.

Babban abin da ya ƙirƙira wa fannin ilimi shi ne hatimi. Ya lura rubuta kalmar da hannu a katin sakamakon yara yana gajiyar da shi, sai ya je kasuwar Taminus ya sa aka yanka masa hatimi biyu rana ɗaya, ɗaya mai sunan makaranta, ɗaya mai kalmar nan da manyan baƙaƙe. Itace ɗaya aka yi musu mariƙi da shi, tawada ɗaya suke sha, a aljihu ɗaya suke kwana.

Yadda yake gano mai ciwon kuwa abin a zo a gani ne. "Likita ne ke buƙatar awo," in ji shi. "Ni da ido nake gani. Yana bayyana a goshi, a zaman kafaɗa, a yadda ido ke kallon allo." Ƙarshen kowane zango sai ya shiga aji, ya juya wa allo baya, ya dubi yara. Layi biyu na gaba masu basira ne. Na tsakiya Allah ya san da su. Layin ƙarshe kuwa kowa ya miƙo katinsa a buga masa. Wanda aka buga wa hatimi doka ce ya zauna a baya, wanda ke zaune a baya kuma shi ake buga wa hatimi. Ta haka bencin baya yake gaskata hatimi, hatimi yake gaskata bencin baya, kuma a shekara bakwai ba a taɓa samun saɓani tsakaninsu ba. Su wa ke zama a gaba tun farko? Wannan sai a tambayi wanda ke tsayawa a bakin ƙofa ranar buɗe makaranta yana lura da wanda aka sauke daga mota da wanda ya zo a ƙafa.

Da abin ya tsaya a kati, da an yi dariya an wuce. Amma a aji shida, layi biyun gaba kaɗai ake rubuta wa jarrabawar shiga sakandare. Sauran sai su maimaita aji ko iyayensu su kwashe su. A bakin titi akwai allon makaranta da ke shelar nasara ɗari bisa ɗari, kuma hanya mafi sauƙi ta kare wannan allo ita ce kada a bar wanda ake shakka ya je kusa da jarrabawa.

Malama Balaraba ce ke riƙe da aji shida. Shekararta uku a makarantar, kuma a cikinsu ta koyi abubuwa biyu: ta ce "Yes sa" kafin a gama tambaya, ta kuma haɗiye abin da ke bakinta. Aikin koyarwa ba ya yawo a titi, ita kuma tana da tsohuwa a gida. Ita ke duba takardun yara, saboda haka ita kaɗai ta san abin da hatimi bai sani ba. A cikin yara talatin da ke ajin, babu mai kamo ƙafar Amatullah, wata siririyar yarinya mai zama a layin ƙarshe, kusa da tsintsiya.

Laifin Amatullah ɗaya ne, ta zo a makare. Iyayenta sun taso daga Bukuru ana dab da ƙarshen zango shekara biyu da suka wuce, aka duba aji ba wuri sai a baya, aka ce ta zauna kafin a gani. Kwananta uku a makarantar ranar hatimi ta zo. Tun ba ta san inda ake ɗiban ruwa ba aka gano ciwonta.

Balaraba ta taɓa yin ƙarfin hali sau ɗaya. Ta kai wa hedimasta takardun yarinyar ofis, lissafi da Turanci da sauran, duk maki a sama. Ya riƙe su nesa da fuskarsa, bai karanta ko layi ɗaya ba, ya mayar mata.

"Malama, ke sabuwa ce a harkar nan. *Dullness* yakan yi wayo. Yakan ɓuya a bayan maki. Shi ya sa ake buƙatar gogaggen ido."

Mako guda kafin a rufe rajistar jarrabawa, mahaifiyar yarinyar ta zo. Zulaihatu tela ce a unguwar Dutse Uku, mijinta ya rasu bayan dawowarsu da 'yan watanni, kuma yayansa da ke ɗaukar nauyin karatun ya riga ya faɗa ƙarara cewa daga bana ya sauke. Idan Amatullah ba ta zauna jarrabawar nan ba, karatu ya ƙare. Balaraba na ofis tana cike rajista lokacin da matar ta yi sallama, ta cire takalmi tun daga baranda, ta rusuna ta gaida hedimasta.

"Ranka ya daɗe, a kan maganar yarinyar nan na zo. Ta ce babu sunanta cikin masu jarrabawa."

"Ina katinta?"

Ta kwance shi daga bakin mayafi ta miƙa da hannu biyu. Ya buɗe, ya ga aikin hannunsa har sau shida, ya gyaɗa kai kamar wanda ya gamu da tsohon aboki.

"Baiwar Allah, kin san abin da wannan kalma ke nufi?"

"An ce mini wai ba ta da ƙwaƙwalwa. Amma ranka ya daɗe, ita ke karanta mini duk takardar da ta shigo gida. Ita ke koya wa yaran maƙwabta. Ko awon yadi na rikice, ita ke warware mini."

"An rage miki bayani," in ji shi, ya jawo ƙamus. Minti ashirin ya yi yana karanta mata, daga wuƙa zuwa fitila, daga fitila zuwa kasuwa, ita tana durƙushe ƙafarta na sagewa. Da ya gama ya rufe littafin a hankali. "Kin gani, ba ni na faɗa ba, Bature ne. Hatimin nan kuma bai taɓa kuskure ba, abin da ya hau ba ya gogewa. Shawarata, ki zaunar da ita kan keke ta koyi ɗinki. Sana'a ce mai kyau, ba ta buƙatar basira."

Zulaihatu ta ɗago ta dubi rigar digirin da ke jikinsa. Ita ta ɗinka ta shekara biyu da suka wuce, daga yadin labule, da hoton jarida kawai a gabanta. Ita ta cusa soso a kafaɗun don ya yi kwarjini. Bai gane ta ba, domin ranar da ya je awo ma sama yake kallo. Ta ce, "Allah ya ƙara girma," ta fita tana laluben takalmi da ƙafa saboda idonta ya cika.

Balaraba ta ci gaba da rubutu ba ta san abin da take rubutawa ba. Ta ji kunya, ta ji haushi, kuma haushin kanta ya fi yawa.

Ranar Litinin Mista D. B. ya tafi taron masu makarantu na kwana uku, inda zai gabatar da maƙala a kan abin da kowa ya sani. Ranar Talata da la'asar ruwan farko ya sauko da ƙanƙara irin ta Jos, wadda ke sa awaki gudu suna kuka. Ta yi wa tsohon kwanon aji shida ɓuli-ɓuli daidai saman bangon da allo ke rataye. Da safe Balaraba ta tarar ruwa na bin bango, duk abin da ta rubuta da alli sai ya zama kunu. Allon falanki ne a kan ƙusa biyu. Ta sa aka cire shi aka kafa a bangon da ke fuskantarsa, ta ce kowa ya juya bencinsa a inda yake, ta ajiye bokiti a ƙarƙashin yoyon. Ba ta yi da wata manufa ba, karatu kawai take so a yi. Sai da ta juyo da alli a hannu ta ga Amatullah a gabanta, kusa har tana iya ganin tawada a yatsunta, 'yan layin ƙarshe duk sun zama na farko suna ta kallon allo kamar yau suka fara ganinsa.

Alhamis ce ranar da jami'in ilimi zai zo karɓar sunayen masu jarrabawa. Mista D. B., da yake mutum ne mai hangen nesa, tun daga wurin taro ya ji labarin kwano, sai ya aika wa Alhaji Ɗanbaba cewa ya zo a ranar ya ga ɓarna da idonsa. Alhaji dillalin shanu ne a karar Bukuru, shi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, kuma mutum ne da idan ya ga dama zai rufe aji da sabon kwano kafin azahar. 'Yarsa Raliya na aji shida. Hedimasta ya san ta sarai: layin farko, gefen taga. Kullum yana aika gaisuwa ga mahaifinta ta wannan kusurwa.

Ƙarfe goma suka iso. Jami'in, Mista Dantong, dogo ne mai furfura da tsohuwar jaka a hammata, ba ya son yawan magana. Alhaji na biye da shi da sandarsa. Ƙofar aji shida a tsakiyar bangon gefe take, kuma Mista D. B. da baya ya shigo ta, yana fuskantar baƙinsa, yana tsakiyar bayani a kan asalin kalmar tun zamanin tsoffin Turawa. Ya waiga da wutsiyar ido ya ga inda baƙin allo yake, ya taka ya tsaya a gabansa, ya gyara kafaɗun soso. Yara suka miƙe suka gaishe su.

Balaraba ta gane bai lura an sauya wa allo wuri ba. Ta matso kusa ta rage murya.

"Sa, akwai abin da ya kamata ka sani, jiya mun..."

"Malama, ba a katse ni a gaban baƙi."

"Sa, maganar allo ce..."

"Malama Balaraba!"

Ta ja da baya ta jingina da bango. Sau biyu ta gwada, Allah shaida ne, yara talatin ma shaida ne. Ta rungume rajista a ƙirji ta yi shiru, kuma karo na farko a shekara uku shirun bai yi mata ɗaci ba.

"Mista Dantong, Alhaji," in ji hedimasta, ya buɗe hannuwa a kan layi biyun da ke gabansa, "ga amfanin gonarmu. Ku dubi goshin nan. Ku dubi idanun nan. Ba sai na buɗe takarda ba. Ke, tashi."

Amatullah ta miƙe tana laluben katinta. A iya saninta, idan mutumin nan ya nuna ta da yatsa, kati ake miƙawa.

Mista Dantong ya ce bari shi ya gwada ta. Ya ɗauki alli ya rubuta wani lissafi mai tsawo, irin na jirgin ƙasa biyu da suka tashi daga tasha daban-daban. Kafin ya karkaɗe hannunsa ta faɗi amsa. Ya ba ta wani, ta amsa. Ya miƙa mata jaridar da ke jakarsa, ta karanta sakin layi guda ba tuntuɓe, ta kuma faɗi abin da yake nufi da Hausa.

"Kai, Oga Hedimasta," in ji Mista Dantong, "wannan yarinya ya iya sosai fa."

"Ai tun ranar da na fara ɗora ido a kanta na sani," in ji Mista D. B. yana murmushi. "Irin wannan ba a koyar da gano su. Baiwa ce. Yaya sunanki, 'yata?"

"Amatullah, sa."

"Amatullah! Ku riƙe sunan nan, za ku ji shi a rediyo wata rana."

Sunan bai tuna masa komai ba. Mista Dantong ya fito da takardar rajista, Balaraba ta bi layi biyun tana rubutawa, sunan Amatullah a sama. Yara goma sha biyu, rabinsu katinsu cike da hatimin nan. Hedimasta ya sa hannu da dogon zane, ya laluba aljihu, ya duba gindin hatimi da kyau, ya buga na makaranta. Mista Dantong ya ajiye takardar a kan jakarsa.

Mai hankali da nan ya tsaya ya kai baƙi ofis shan lemo. Amma masani ba ya nuna rabin iliminsa.

"Yanzu kuma, don ku ga bambanci, ku biyo ni."

Ya ratsa tsakanin bencina har ƙarshen aji, inda ruwan daren jiya ke ɗiga cikin bokiti. Yaran da ke wurin, waɗanda tun aji ɗaya ba su san komai ba sai gaba da yabo, suka sunkuyar da kai.

"Alhaji, ga ɓarnar da na ce ka zo ka gani. Amma Allah ya taƙaita, ruwan ya zaɓi inda ba a asarar komai. Waɗannan ko an jiƙa su ko an shanya su, duk ɗaya ne. Mista Dantong, ka karanta *dullness* a littafi, yau ga shi a zaune. Dubi waccan ta lungu, ta gefen taga. Dubi yadda kafaɗa ta zube. Dubi yadda take ɓoye fuska. Irin wannan daga gida ake tahowa da shi, a jini yake, ba laifin makaranta ba ne. Ke, tashi, kawo katinki."

Ya zaro ɗaya hatimin, ya buɗe gwangwanin tawada, ya danna shi ya sha sosai, ya ɗaga. Yarinyar ta miƙe a hankali, gefen hijabinta a jiƙe. Ba ta dubi hedimasta ba. Ta dubi mai sanda da ke bayansa.

"Baba, ina kwana."

Hatimin ya tsaya a sama.

"Lafiya lau, Raliya," in ji Alhaji Ɗanbaba. "Zauna."

Mista D. B. ya dubi yarinyar. Ya dubi taga. Ya juya ya dubi allo can nesa, ya dubi bangon da ke gabansa, inda ƙusoshi biyu ke tsaye tsirara a kan wani murabba'in fenti mai haske. A hankali abin ya iso masa, kamar motar da ke hawan tudu da lodi.

"An... an juya ajin," in ji shi. "Alhaji, kuskure ne na tsari. Wato waɗannan su ne waɗancan. Waɗancan kuma... Malama! Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ka ce ba a katse ka, sa."

Alhaji ya dogara sandarsa. Mutum ne da ya shekara talatin yana sauraron masu tallar dabba, bai saba ɗaga murya ba.

"Malam, ni ban yi boko ba. Amma a kara, ko tsohuwar saniya aka kawo, sai na buɗe bakinta na duba haƙori, na sa a ja ta ta yi tafiya na gani, kafin in ce ga abin da take. Ban taɓa yanke wa dabba hukunci don turken da aka ɗaure ta ba. Ashe mu 'ya'yanmu turke ake dubawa." Ya dubi Raliya. "Ka ce a jini yake. Jinin wa?"

"Alhaji, kalmar tana da ma'anoni har shida, idan ka ba ni dama..."

"Riƙe su. Kwano zan aiko gobe, don 'yata ce ke zaune a ƙarƙashin ruwa, da 'ya'yan mutane. Ita kuma takardar can, Malama, akwai sauran wuri?"

"Akwai, Alhaji," in ji Balaraba, muryarta ta fito da ƙarfin da ita ma ba ta zata ba. "Bayanta duk fili ne."

"To a rubuta kowa. Wanda zai ci ya ci, wanda zai faɗi ya faɗi da hannunsa."

Mista Dantong ya ce shi dama doka ba ta ce goma sha biyu ba, kullum yana mamakin ajin mutum talatin da ke kawo dozin. Balaraba ta juya takarda ta rubuta sauran goma sha takwas. Da ta wuce ta gaban layin farko, Amatullah ta kama bakin mayafinta ta tambaya cikin raɗa ko za a goge nata. Balaraba ta ce ba mai gogewa, an riga an buga hatimi, ta je gida ta faɗa wa mamarta.

Hedimasta na tsaye inda aka bar shi, gumi na bin wuyan rigar labule, hannunsa har yanzu a ɗage. Yana lissafin allon bakin titi, yana lissafin abin da za a faɗa a kara da majalisar masu shayi kafin magariba. Bai ji lokacin da Mista Dantong ya zaro wata takarda ba sai da aka shimfiɗa ta a kan benci a gabansa.

"Oga, saura ɗaya. Rahoton ziyara ne, na kowace shekara. Ga wurin da aka ce bayani a kan shugaban makaranta, ni zan cike idan na koma ofis. Kai dai sa hannu a ƙasa, ka buga hatimi, mu tafi. Ruwa yana zuwa."

Ko me za a ce da Mista D. B., mutum ne mai saurin aiki idan aka zo ga hatimi. Shekara bakwai hannunsa ya saba, ba ya jiran kai. Bai nemi wurin sa hannu ba, bai duba gindi ba. Abin da ke hannunsa, wanda ya riga ya sha tawada ya ƙoshi, shi ya sauke da ƙarfi a tsakiyar filin da ke ƙarƙashin sunansa.

Ya ɗaga. Harafi huɗu, manya, ba inda tawada ta gaza. Bai taɓa fitowa da kyau haka ba.

Wani yaro a tsakiyar aji ya karanta da ƙarfi, don haka aka koya musu duk Litinin, sauran ashirin da tara kuma suka maimaita. Alhaji ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa na motsi.

"Mista Dantong, ba ni takardar nan," in ji hedimasta, muryarsa ta koma ta Ɗanbala. "Don Allah. A kawo wata. Ko a goge."

Mista Dantong ya ɗaga takardar sama, ya hura mata iska a hankali har ta bushe, ya ninke ta biyu ya saka a jaka ya ja zif.

"Guda ɗaya aka ba ni, Oga. Kuma tun daga bakin get kana gaya mana hatimin nan bai taɓa kuskure ba. Ka ma rage mini aiki."

Ya sa jaka a hammata ya fita, Alhaji na biye. Balaraba ta ɗauki alli ta ce a buɗe shafi na arba'in.

A shekara bakwai da hatimin ya yi yana aiki, iyaye sun yi kuka da shi, yara sun yi kuka da shi, malamai sun yi gunaguni a ɓoye. Ranar ce kaɗai ya sauka a kan takarda aka rasa ko mutum ɗaya a Ali Kazaure da zai ce an yi zalunci.